Salbiah da Gidan Hawa na Ashirin da Huɗu

Duk wanda ya zauna a unguwar bakin kogi ta Klang ya san Mak Cik Salbiah, wato Goggo Salbiah a harshen garin, ko dai don ita ta yi wa uwarsa wanka na ƙarshe, ko don ta taɓa tsayar da shi a hanya ta yi masa faɗa. Gajeriya ce kakkaura, mai saurin tafiya da saurin baki. A gidan katako mai dogayen ƙafafu aka haife ta, ta tashi tana riƙe wa uwarta buta a wurin wankan gawa tun ba ta yi aure ba. Da uwar ta rasu ba wanda ya zauna ya naɗa ta. An dai ci gaba da ƙwanƙwasa tagar gidan idan mace ta cika, ita kuma sai ta fito da jakarta ta sabulu da kafur da almakashi.

Ta auri Ghazali, direban tirela mai ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa, mutum mai sanyin hali wanda ba abin da ke ɗaga masa hankali sai kurciyoyinsa. Suka sayi ɗan gidan bulo a jerin gidajen da aka gina inda a da gonar kwakwar manja take. 'Ya ɗaya Allah ya raya musu, Hazwani, wadda ta yi karatu ta samu aikin banki a Kuala Lumpur, ta kuma gaji bakin uwarta ba ragi.

Ruwa ne ya kawo maganar tashi. Ambaliyar farko a gwiwa ta tsaya. Ta biyu ta cinye firji da keken ɗinki. Ta ƙarshe kuwa sai da ta hau da su kan rufin kwano, suka wuni a can har kwalekwalen 'yan agaji ya iso. Salbiah ba ta daina ba da labarin cewa kejin kurciya Ghazali ya fara miƙa wa mai kwalekwale kafin ya miƙa ta ba. Shi kuma ya ce keji ne ya fi kusa da hannunsa.

Bayan an kwashe laka an wanke bango, Hazwani ta zo ta zauna a kan tabarma gaban uwarta, don kujerun sun tafi da ruwa.

"Mak, ni na gama. Ba zan sake wuni ina duba waya ina neman sunanku cikin waɗanda aka tsamo ba. Ku sayar da gidan nan, in cika muku, ku koma sama."

"Sama ina? Lahira?"

"Akwai wani gida a dogon benen nan na kusa da babban kanti. Hawa na ƙarshe. Ɗaki uku. Ya fi na ƙasansa araha."

"Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi."

"To me ya sa ya fi araha?"

Hazwani ta dubi ubanta. Ghazali ya ce a je dai a gani, gani ba saye ba ne.

Da safe dillaliyar gidan ta sa musu lokaci. Sunanta Thilaga, doguwa mai fara'a, da takalma masu tsini da tarin mukullai a hannu. Tun daga ƙofar shiga ran Salbiah ya fara ɓaci, don maigadi ya karɓi katin shaidarta ya juya shi gaba da baya kamar ta zo satar famfo. A cikin lifta ta ga Thilaga ta danna 23A.

"Ba ashirin da huɗu kika ce ba?"

"Shi ne, Mak Cik. Kin san masu gini ba sa rubuta huɗu, Sinawa sun camfa lambar, ba za su saya ba."

"Wato tun daga lifta ginin ya fara ƙarya."

"Mak," in ji Hazwani.

Gidan kam ba laifi, wannan ma ya ƙara mata haushi. Haske ta ko'ina, tayil fari tas, iska na shigowa ta baranda tana kaɗa labule. Mai gidan, wani tsohon Basine mai suna Teoh, ba ya nan, an ce ya je asibiti ganin likita. Ghazali ya wuce kai tsaye zuwa baranda, ya dafa ƙarfe, bai sake motsi ba. Daga can ana hango tashar jiragen ruwa, da jajayen injinan ɗaga kaya a jere, da tireloli suna rarrafe kamar tururuwa.

"Biah," ya kira matarsa, "zo ki ga ƙofar tashar da nake shiga."

"Shekara nawa ina wanke maka wandon da ke shiga ƙofar nan, Abang? Na san ta."

Abang take ce masa, wato Yaya, yadda matan ƙasar ke kiran mazansu. Ita tana banɗaki tana murɗa famfo. Ruwan ya zo siriri, ba ƙarfi. Ta shiga kicin ta tarar ba ƙofa tsakaninsa da falo, ta tsaya tana tunanin yadda za ta soya yaji da daddawar jatan lande a nan ba tare da ƙaurin ya kwanta a labule da katifa ba. Ta ɗaga kai a babban ɗaki ta ga fentin silin ya fi na bango sabunta. Ta nuna da haɓa.

Thilaga ba ta yi mata musu ba. Ta ce hawan ƙarshe haka yake, rana na dukan rufi, wani lokaci ruwa na ratsowa, shi ya sa farashin ya sauka. Ta ce an yi gyara bara, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki har biyu mai gidan zai bari. Ruwan famfo kuwa ɗan inji ake sawa ya ƙara masa ƙarfi, kowa a hawan ya sa. Duk abin da Salbiah ta jefa sai ta tarar an riga an tanadi amsarsa. Don haka ta ajiye babban makaminta sai da suka fito bakin lifta.

"Yarinya, idan mutum ya mutu a nan, ta ina ake sauko da shi?"

Hazwani ta rufe fuska da tafin hannu.

"Wannan akwatin ba zai ɗauki makara ba. Na taɓa zuwa wani bene a Shah Alam, a tsaye aka sauko da baiwar Allah, maza huɗu sun rungume ta kamar katifa. Ni ba za a tsayar da ni ba."

Thilaga ta yi murmushi ta ce su biyo ta. Ta kai su bayan wata ƙofa inda liftar kaya take, ta nuna wani murfi a bangon baya daga ƙasa. Mukullinsa na wurin maigadi, in ji ta, idan an buɗe, gadon asibiti ma yana shiga a miƙe. Salbiah ta durƙusa ta auna da kamun hannu, ta sake aunawa. Makara za ta shiga har da saura. Ta miƙe tana kakkaɓe zani, ta yi gaba zuwa mota.

Daga ranar gidan ya rabu biyu, uba da 'ya a gefe guda, ita kaɗai a ɗayan. Kullum da yamma Hazwani ta bugo waya, Ghazali ya sa a lasifika ya ajiye tsakanin kwanukan shinkafa.

"Kowane wata sai an biya kuɗin kula da gini," in ji Salbiah. "Har da na wurin ninƙaya. In biya kuɗin kududdufin da ba zan shiga ba, bayan wanda ya shigo min ɗaki kyauta?"

"Ni zan biya, Mak."

"Ki biya, ranar da kika yi aure mijinki ya ce ya gaji fa? Kuma a ina zan shanya kifi? A ina zan zaunar da mutane ranar addu'a? Falon nan mata goma sun cika shi. Na kasa kunne ban ji kiran salla ba, sai kukan iska."

"Wayarki tana kiran salla."

"Wayata ba ta sanin wanda bai zo masallaci ba."

Da ta ga ba ta ci nasara ta nan, sai ta juya kan mijin. Ta tuna masa allon dokoki da ke manne a bakin lifta, inda aka zana kare da kyanwa aka ja musu jan layi. Ba a ajiye dabba a ginin.

"Kurciya ba dabba ba ce," in ji Ghazali.

"To mece ce? Ƙanwarka?"

"Ba a zana ta ba."

Ya ce zai rufe kejin da zanen salla ya hau da su, wa zai bincika tsoho? Salbiah ta ce tsuntsun da ke kuka tun asuba ba a ɓoye shi da zane. Ya ce a can sama wa zai ji, banda gajimare.

Ta ce ba za ta yarda da gidan da aka nuna mata da sanyin safiya ba, kamar amaryar da aka gani cikin kwalliya kawai. Ta sa Thilaga ta sake buɗe musu bayan azahar. Suna shiga zafi ya tare su kamar an buɗe tukunya. Salbiah ta hana a kunna na'ura, ta zauna a tsakiyar falo ta naɗe ƙafa, ta ce su ɗan taɓa hira. Ghazali ya zauna gumi na bin gemunsa yana ɗiga a riga, yana cewa shi bai ji wani zafi ba, cikin tirela ya fi haka. Thilaga tana fifita da takardar tallar gidan. Da suka fito Salbiah ta ji daɗi a karon farko, amma daɗin bai kai ƙasa ba, don a cikin lifta mijin ya ce ai da rana barci yake yi, mai barci bai san zafi ba.

Saura ruwan sama. Wannan karon ba ta gaya wa kowa ba. Wata ranar Laraba da hadari ya haɗo daga teku, ta ɗauki lema ta hau bas. Maigadi ya gane ta, ya buga wa mai gidan waya, aka ce ta hau. Lifta ɗaya ta lalace, mutane sun yi cincirindo a bakin ɗayar, masu kawo abinci da hulunan babur, mata da kekunan jarirai. Ta daɗe a tsaye har ƙafarta ta fara tsami, tana adana wannan ma a ranta don hirar yamma.

Tsoho Teoh ne ya buɗe da kansa, siriri, da singileti da gajeren wando, da bokiti a hannu. Ya dubi bokitin, ya dube ta.

"Puan Salbiah ko? Thilaga ta ce ke ce mai auna lifta. Shigo, kin zo a daidai."

Ya kai ta babban ɗaki. A kusurwar da ke saman tagar, sabon fentin ya kumbura, ruwa na taruwa yana ɗigowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye bokitin a wurin da tayil ya riga ya yi zobe.

"An ce an gyara," in ji ta.

"Ana gyarawa. Duk shekara kwamitin gini ya turo mutane su shafa kwalta, ya yi shiru, damina ta biyu ya dawo. Ni na ce rufin na kowa ne, su kuma suka ce ni kaɗai yake jiƙawa. Rabin bokiti ne idan ruwan ya yi yawa. Kada ki sa gado a nan, shi ke nan."

"Encik Teoh, kai da kake son sayarwa kake gaya min haka?"

"Kin riga kin gani. Kuma ni ba so nake ba, ɗana ne yake so. Ya ce in koma wurinsa a Perth, can ƙasar waje, wai na tsufa da zama ni kaɗai."

"Su dai 'ya'yan nan."

"Su dai."

Ya ɗauko mata ruwan furanni na kwali daga firji, bai zuba a kofinsa ba don ya san Musulma ce, ya miƙa mata da tsinken zuƙa a jiki. Suka zauna a bakin ƙofar baranda da aka rufe, iska na jijjiga gilashin. Ya ba ta labarin wandunansa da iska ta kwashe daga igiya, wani ma a kan rufin kanti aka hango shi. Ya ce ranar da wuta ta ɗauke aka kashe liftoci, a ƙasa ya wuni a shagon shayi, don gwiwarsa ba za ta kai shi sama ba. Ya ce matarsa a ɗakin can ta rasu, maƙwabcin da ke kallon ƙofarsu bai sani ba sai bayan mako. Amma sauro bai taɓa cizonsa a gidan ba, bai taɓa ganin ɓera ba, kuma matar, da take ciwo, ba abin da take so kamar a tura kujerarta nan ta kalli jirage.

Ruwan ya tsuge sosai. Salbiah tana kallon yadda yake tafiya a kan gari kamar labule, yana rufe unguwa yana buɗe wata. Can nesa ta hango kogin, ja wur, ya cika ya kumbura. Ta kai rabin kwalin kafin ta lura cewa a zaune take. Shekaru ke nan ruwa bai sauka tana zaune ba. A gida da tuni ta fita duba lambatu, ta ɗora buhun shinkafa a kan tebur, ta kasa kunne ko za a yi shela daga masallaci. A nan kuwa ƙirjinta shiru, sai ƙarar ɗigo a bokiti. Abin ya ba ta haushi ƙwarai. Ta miƙe ta ce za ta tafi, ta baro Ghazali a gida da buhun shinkafa a ƙasa, kuma ta san ba zai ɗaga ba.

Ba ta gaya musu ta je ba sai bayan kwanaki, shi ma don ta kafa hujja da bokitin ne. Amma daga nan tambayoyinta suka canza, har Hazwani ta lura. Ta daina cewa ba za ta zauna ba, ta koma cewa sai an rage kuɗi saboda rufin. Teoh ya rage. Ta ce sai ɗan ƙanwarta mai aikin rufi ya hau ya duba. Ya hau ya ce shekara biyu zai riƙe in an yi da kyau, ta ce shi ma tun yana yaro ba ya faɗin gaskiya. Ta ce sai ta yi istihara. Ta yi, aka tambaye ta, ta ce ba a gaggauta irin wannan. Sannan aka yi rasuwa biyu a unguwa a jere, ta tsaya a kan maƙwabciyarta Rosnah tana koya mata yadda ake juya gawa da yadda ake yanka likkafani, tana yi tana faɗa, wai hannun Rosnah kamar na mai wanke tukunya. Ba ta ce don me take koya mata ba, ba wanda kuma ya tambaya.

Thilaga ta bugo ta ce akwai wani da ke tambayar gidan, gara a ba da kafin alƙalami.

"Kowane dillali da wannan waƙar aka yaye shi," in ji Salbiah. "Wa zai sayi tanda mai yoyo?"

Sai wata safiyar Asabar, Hazwani ta zo hutun mako, suna cin shinkafar kwakwa da soyayyen ƙananan kifi, Salbiah ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Gado a ɗakin tsakiya za a sa. Kuma a yi wa kicin ƙofa kafin in shiga."

Ghazali ya ajiye cokali. Hazwani ba ta tsaya wanke hannu ba ta ɗauki waya ta fita tsakar gida. Ta jima. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"An sayar, Mak. Shekaranjiya."

"An sayar da me?"

"Wani mutum daga Singapore. Ya turo kuɗi ta waya."

"Yaushe ya zo ya gani?"

"Bai zo ba. Hotuna ya gani. Haya zai riƙa ba masu yawon buɗe ido, kwana ɗaya, kwana biyu."

Salbiah ta miƙa hannu aka ba ta wayar, ta sa aka sake kiran Thilaga.

"Yarinya, kin gaya masa rufin yana yoyo?"

"Na gaya masa, Mak Cik. Ya ce ba shi zai kwana a ciki ba."

"Famfon fa? Ya san ba ƙarfi? Ya san kusurwar da ba a sa gado?"

"Bai tambaya ba."

"Mutum ya sayi gida bai murɗa famfo ba. Ni na je da rana, na je da ruwa, na tsaya a layin lifta har ƙafata ta kumbura, shi yana kwance a wata ƙasa ya danna waya. Ke kuma kika ba shi."

"Na faɗa miki akwai mai so."

"Kin faɗa da irin muryar da ake faɗin ƙarya. Ina laifin ki faɗa da gaske?"

Ranar ba wanda ya tsira. Ta ce Hazwani ce ta yi sanyi, ma'aikaciyar banki guda ba ta san a riƙe abu da kuɗi ba. Ta ce Ghazali da bakinsa kamar an ɗinke, da ya buga ƙafa tun farko ya ce a saya da yanzu an wuce wurin. Ghazali ya ɗauki keji ya fita da shi inuwa. Tsoho Teoh ma ya samu rabonsa, duk da cewa washegari ta dafa kaza da jan yaji ta ba Hazwani ta kai masa, don an ce jirginsa ƙarshen wata ne.

Suna nan a gidan bakin kogi. Ghazali ya kira kafinta ya yi musu wani ɗan bene na katako a cikin falo, kusa da silin, inda ake ɗora firji da takardu idan hadari ya yi baƙi. Rosnah ta iya aikin, amma har yanzu tagar Salbiah ake ƙwanƙwasawa, ita kuma ta bi ta ta tashe ta su tafi tare. Hazwani ba ta haƙura ba, duk mako sai ta turo hotunan wani gidan. Na baya-bayan nan ta zo da shi da kanta, ta zauna kusa da uwar tana shafa waya tana nunawa. Kicin da ƙofarsa, masallaci a tsallaken titi, rufi ba ruwansa da su.

Salbiah ta sa tabarau ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Hawa na nawa ne?"

"Na bakwai, Mak. Ko wuta ta ɗauke za ki iya hawa a hankali."

"Bakwai," in ji Salbiah. Ta cire tabarau ta mayar mata da wayar. "Me ake gani daga hawa na bakwai? Wankin maƙwabta?"